Mai gyambon babban hanji da tsakuwar maɗaciya: yadda ake bin sawunsa a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. A cikin duk abin da asibitocin gwamnati ke yi a nan Ingila, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake bi da masu gyambon babban hanji, ciwon nan da likitoci ke kira kolaitis, mai sa gudawa da jini da majina, ya lafa ya dawo. Ciwon mutum a hanji yake, amma duk lokacin da aka ɗebi jininsa sai an haɗa da awon hanta. Kuma ranar da ya buga wa nas ɗin sashen waya ya ce ciwo ya sauya wuri, ya koma ƙarƙashin haƙarƙarin dama, babu mai ce masa "ai cikin naka ne ya motsa". Tambayoyi za a jero masa. Bayan cin me ya fara? Awa nawa ya ɗauka? Yana harbawa zuwa allon kafaɗa? Fitsari ya yi duhu? Da zazzaɓi? Tsakuwar maɗaciya suke nema.

Maɗaciya 'yar jaka ce a ƙasan hanta. Tana tara ruwan ɗaci, ta matse shi cikin hanji idan an ci maiƙo. Gishirin da ke cikin ruwan shi ke riƙe kitsen kolestarol a narke, to idan gishirin ya yi ƙaranci, ko ruwan ya daɗe kwance jakar ba ta matsa ba, sai ya yi kauri ya zama laka, laka ta dunƙule ta zama tsakuwa. Jiki ba ya wasa da wannan gishirin: kusan kashi 95 cikin 100 ana sake tsotse shi a ƙarshen ƙaramin hanji ya koma hanta. Cutar Crohn, 'yar uwar kolaitis, daidai wurin nan take ci, shi ya sa haɗarin masu ita ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Kolaitis kuwa a babban hanji yake tsayawa, don haka shi kansa bai cika ƙara haɗarin da yawa ba. Wasu masu bincike sun ga ƙari kaɗan, wasu ba su gani ba.

Abin da ke kawo wa mai kolaitis tsakuwa shi ne halin da ciwon ke jefa shi. Rama da sauri idan ciwo ya tashi, musamman a zubar da fiye da kilo 1.5 a mako. Kwanaki a gadon asibiti ba ci, ana ciyar da shi ta jijiya, maɗaciya na zaune ba aiki. Ƙibar da ƙwayoyin sitiroyid, waɗanda ake ba shi don kwantar da kumburin hanji, ke sawa bayan haka. Tiyatar cire babban hanji idan ta taɓa ƙarshen ƙarami. Sai abubuwan da suka shafi kowa: mace, yawan haihuwa, wuce shekara 40. Mu kuma muna da ƙari wanda bai dami yawancin Turawa ba, wato sikila, mai haifar da baƙar tsakuwa tun ƙuruciya saboda yawan fashewar ƙwayoyin jini. A nan manya 10 zuwa 15 cikin 100 suna ɗauke da tsakuwa, mafi yawansu ba su ma sani ba, kuma wadda ba ta ciwo ba a taɓa ta.

Dalilin awon hantar nan ya fi tsakuwa nauyi. Akwai wani ciwo da ke taurara hanyoyin ɗaci ya tsuke su, ana taƙaita sunansa da PSC. Masu kolaitis kaɗan ne ke samunsa, kimanin 5 cikin 100 ko ƙasa da haka, amma a Arewacin Turai kusan 70 cikin 100 na masu PSC suna da ciwon hanji, yawanci kolaitis. A ɓoye yake shigowa. Wani sinadari da ake kira ALP ne ke hawa a gwajin jini tun ido bai yi rawaya ba, tun jiki bai fara ƙaiƙayi ba. In an ga haka sai a tura mutum hoton MRCP, wanda ke zana hanyoyin ɗaci ba tare da an zura masa bututun kyamara ta baki zuwa ciki ba. In ya tabbata, tsarin kulawa duka ya sauya. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu PSC na da tsakuwa, kuma tsiron da ke fitowa a bangon maɗaciyarsu ya fi saurin zama daji, don haka sikanin duk shekara, kyamarar duba hanji ita ma duk shekara. Tsiro ya kai milimita 8, a cire jakar, alhali ga sauran mutane sai ya kai 10. Wannan bin diddigin wallahi abin a yaba ne, kuma takarda da kalanda ne suka fi yin aikin.

A gida fa? Duk ciwon da ya tsaya a saman ciki olsa ne, duk gudawar jini atini ce ko basir, duk rawayar ido shawara ce sai a jiƙa sassaƙe. Mutum ya shekara yana shan maganin olsa alhali tsakuwa ke toshe masa hanya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne allurar kemis. Diclofenac yana kashe ciwon tsakuwa sosai, har a nan da shi ake farawa ga wanda hanjinsa lafiya. Amma shi da ibuprofen da danginsu suna iya tayar wa mai kolaitis da ciwonsa, shi ya sa likitan nan ke duba tarihin mutum kafin ya rubuta, yawanci ya koma ga farasitamol ko wani mai ƙarfi na asibiti. Mai kemis ba zai tambaya ba, mara lafiya ba zai faɗa ba. Haka ceftriaxone da muke ɗura wa kowane zazzaɓi da sunan taifot: yana iya daskarewa a maɗaciya ya yi laka har ta fito a sikanin kamar tsakuwa, ta narke bayan an daina. Wanda aka yi wa wannan allurar kwanan nan ya gaya wa mai sikanin da likita kafin a fara maganar wuƙa. Azathioprine kuma, da masu kolaitis da yawa ke sha, yana iya kumbura fankiriyas, gaɓar da ke saman ciki mai fitar da ruwan narka abinci, ya ba da ciwo mai kama da na tsakuwa, don haka a riƙa zuwa asibiti da kwalayen magunguna a hannu.

Ciwon tsakuwa yakan zo bayan cin maiƙo, ya tsaya cak ba sassauci daga rabin awa zuwa 'yan awanni, bayan gida ba ya rage shi, saɓanin murɗawar kolaitis da ke ƙasan ciki, yawanci hagu. Masu azumi su lura: a tsallake sahur, a wuni, sannan a buɗe baki da ƙosai da soyayyen nama, irin lokacin da jaka mai tsakuwa ke matsawa da ƙarfi ke nan. Ciwo ya wuce awa 6, ko ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, ko ido ya yi rawaya bayan gida ya yi fari-fari, wannan na gaggawa ne a daren. Sikanin kuwa ana yin sa bayan awa 6 ba abinci, ruwa kawai, domin jakar ta cika a ga cikinta. Wanda ya karya kumallo ya je, kuɗinsa ya ɓata.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Ƙa'idar 2014 ta hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce mai kumburin maɗaciya a yi masa tiyatar kyamara a cire jakar cikin mako guda, amma wanda tsakuwarsa ke ciwo lokaci-lokaci layi zai bi, wa'adin mako 18 ne a takarda, kuma sau da yawa ana wuce shi. Samun likitan unguwa sai an kama waya tun ƙarfe 8 na safe. Yawancin baƙi masu bizar dogon zama suna biyan fam 1,035 a shekara na lafiya, kuma a Ingila kolaitis ba ya cikin cututtukan da aka yafe wa kuɗin magani, kowane magani fam 9.90. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, mai kuɗin sikanin a hannu da safe zai yi, kafin azahar ya karɓi takardarsa, awon hanta ma haka. A wannan fannin gida ya fi. A Ingila tiyatar kanta huda 3 ko 4 ce ƙanana, a sallami mutum ran nan ko washegari, ya warke cikin kamar mako 2, sai dai ya koma ɗaki shi kaɗai, ba inna da fulas ɗin kunu, ba maƙwabta masu zuwa dubiya.

Bayan an cire jakar, ruwan ɗaci na zuba cikin hanji kai tsaye, wasu sai su sami gudawar ruwa, musamman bayan cin abinci. Mai kolaitis zai zaci ciwonsa ne ya dawo ya koma kan sitiroyid da kansa. A nan gwajin bayan gida ake yi, na kalfurotektin, sinadarin da ke hawa idan hanji ya kumbura, in bai hau ba to ba gyambon ba ne, sai a ba da garin colestyramine mai kama gishirin ɗaci. Inda gwajin ya yi wuyar samu, a duba ko akwai jini a bayan gidan, a kuma gaya wa likita ranar da aka yi tiyata. Garin yana riƙe sauran magunguna a hanji, don haka a sha su awa 1 kafinsa ko awa 4 zuwa 6 bayansa.