Farantin CMT: yana tona ciwon hantsa, amma ba ya nuna inda ya fito

Ciwon hantsa da ya fi cin dukiyar mai shanu shi ne wanda ido ba ya gani: babu kumburi, babu jini, sai dai madara tana ta raguwa. Don irinsa aka yi gwajin madara na CMT (California Mastitis Test), wanda masu bincike Schalm da Noorlander suka fitar a Kalifoniya a 1957.

Kayan ba su da yawa: farin faranti mai gurbi huɗu, kowane kan nono da nasa, sai kwalbar ruwan gwaji mai launin shunayya. A zubar da tatsar farko, a tatsi kamar mililita 2 a kowane gurbi, a zuba ruwan gwajin daidai da madarar, a jujjuya na daƙiƙa 10 zuwa 15. Ruwan yana fasa fararen ƙwayoyin jini da ke cikin madarar, idan sun yi yawa sai haɗin ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. A duba nan take, domin yauƙin yana saki idan aka daɗe. Kada a gwada dakashi ko madarar saniyar da ke dab da ƙafewa, za su iya nuna ciwo ko da babu.

A wannan aikin farantin ya cancanci kuɗinsa. Inda ya gaza shi ne ba ya faɗin wace ƙwayar cuta ce, kuma nan ne ake ɓarnar magani. Staphylococcus aureus daga saniya zuwa saniya take bi, ta hannun mai tatsa da tsumman goge hantsa. E. coli kuwa daga kashin shanu da taɓon garke take shiga, musamman da damina. Streptococcus uberis tana iya bin kowace hanya, shi ya sa sunanta kaɗai ba ya wadatarwa, sai ɗakin gwaji ya tantance zuriyarta, wato wane reshe ne na ƙwayar. Idan zuriya ɗaya ce a shanu da yawa, wajen tatsa ake yaɗa ta: a tsoma kan nono cikin maganin aidin bayan tatsa, masu ciwo a tatse su daga ƙarshe. Idan kowace saniya da tata zuriyar, makwanci za a gyara.

Saboda haka a yi amfani da farantin wajen zaɓen nonon da za a ɗebi samfurin madararsa a kai ɗakin gwaji. A goge kansa da auduga mai sifirit, a tatsa cikin kwalbar da likitan dabbobi ya bayar, a rubuta sunan saniya da ɓangaren hantsar, a sa cikin ƙanƙara, kuma a ɗeba kafin a ba ta magani.