Wane littafi za a saya don karatu da addu'ar iyali?

Idan kuɗin littafi ɗaya ke hannunka, kana so ya zama wanda iyali za su riƙa taruwa a kansa da dare, kada ka tsaya sha'awar bango. Buɗe shi wajen tsakiya. A Littafi Mai Tsarki nan Zabura take, kuma a nan za ka gane ko littafin zai yi aiki ko zai zauna yana shan ƙura.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na Tsohon Alkawari waƙa ce: Zabura, Karin Magana, Makoki, yawancin Ayuba, da wurare masu yawa cikin annabawa. Waƙar Ibraniyawa kuwa ba a kan ƙafiya take tafiya ba kamar rubutacciyar waƙar Hausa. Layi na farko ya faɗi magana, na biyu ya amsa masa, ko ya ƙara, ko ya juya ta. A Zabura 119:105 layin farko ya kira maganar Allah fitila ga ƙafa, na biyu ya kira ta haske ga hanya. Wani malamin Ingila, Robert Lowth, ya yi bayanin wannan tsari tun 1753. Tsarin nan ne ya sa waƙar ba ta mutuwa in an fassara ta. Amma mai buga littafi yana iya kashe ta, in ya cusa layukan wuri ɗaya kamar labarin jarida don tattalin takarda. To ka duba. In an jera Zabura baiti-baiti, kowane layi da wurinsa, yaro ɗan shekara 8 zai san inda zai ja numfashi ba sai an faɗa masa ba.

Cikakken Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe shi ne zaɓina na farko, kuma ba na ɓoyewa. Yana da nauyi, ya fi tsada, ba ya shiga jaka. Sai dai na gida ne, ba na tafiya ba. Abu biyu za ka bincika. Ɗaga shafi ɗaya ka ga ko rubutun baya yana leƙowa ta takardar, don siririyar takarda tana gajiyar da ido in haske ya yi ƙasa. Sannan ka leƙa gindin littafin ka ga ko ɗinki ne ko gam. Na taɓa sayen ƙarami mai gam saboda sauƙinsa. Kafin shekara ta zagayo, shafukan Zabura 90 zuwa 103 suka ɓalle, don nan muka fi buɗewa. Autarmu ce ta tsince su a ƙarƙashin kujera ta kawo mini, ta ce, "Baba, Zaburarka ta faɗi."

Maganar fassara ma ba ƙarama ba ce. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, daga baya aka yi sababbin fassarori masu sauƙin harshe. Tsofaffi sukan riƙe wadda suka haddace da ita, yara kuwa sukan yi tuntuɓe da kalmomin da ba sa ji a bakin kowa yanzu. Gwajin da nake yi shi ne in karanta Zabura 23 da 121 da ƙarfi, ba a zuci ba. Wadda harshe bai sarƙe a kanta ba ita ce ta gida. Ka kuma tabbatar da na ikilisiyarku ne: na Katolika littattafai 73 ne, na sauran yawancin ikilisiyoyi 66.

Akwai ƙaramin bugu na Sabon Alkawari haɗe da Zabura, wani lokaci har da Karin Magana. Mai araha ne, ana iya saya wa kowane yaro nasa. Zabura 150 ce, in ana karanta 5 a rana wata ɗaya ya isa a sauke, Karin Magana kuma sura 31, kowace rana da tata. Aibinsa ƙananan baƙaƙe, kuma babu cikakken labarin Yusufu, babu na Rut, babu na Daniyel.

Littafin waƙoƙin sujada fa? Shi ne aka fi mantawa da shi, alhali abin da aka rera ya fi zama a kai. Yawancin tsofaffin waƙoƙin da aka fassara daga Turanci sun fito ne daga hannun irin su Isaac Watts, wanda ya mayar da Zabura waƙoƙin rerawa a 1719, da Charles Wesley mai waƙoƙi sama da 6,000. Ka sayi bugun da lambobinsa suka yi daidai da na majami'arku, in ba haka ba ranar Lahadi a kira lamba, yaronka ya buɗe wata waƙa dabam. Shi na biyu ne a wurina, ba madadin na farko ba.

Littattafan labarai masu hotuna suna da kyau ga 'yan ƙasa da shekara 6, amma kusan duk suna tsallake waƙa su riƙe labari. Kada ka ɗauka ka sayi Littafi Mai Tsarki ke nan.

Sai waya. Manhajar Littafi Mai Tsarki mai suna YouVersion ta fito a 2008, kyauta ce, tana ba ka damar jera fassara biyu ka gwada, wasu ma akwai murya. Don zaɓen fassara kafin ka kashe kuɗi, babu kamarta. Don zaman iyali kuwa ban yarda da ita ba. Ana tsakiyar addu'a saƙo ya shigo, idon kowa ya koma can.

In littafin ya iso gida, ku fara da Zabura 136. Aya 26 ce, kowace tana ƙarewa da amshi ɗaya, cewa ƙaunarsa madawwamiya ce. Babba ya ja baiti, yara su amsa, har wanda bai iya karatu ba tukuna.