Zango ɗaya da rokar ruwa: abin da na gani a ajina

Ni malamin lissafi ne da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma shekara da shekaru ina fama da darasin kusurwa a aji uku. In zana bishiya da inuwarta a allo, in rubuta tanjent, yara su kwafa, bayan mako guda kamar ba a yi ba. A zangon da ya wuce na sayi na'urar harba rokar ruwa ta intanet da kuɗin aljihuna, mun yi aiki da ita kusan sati goma.

Da farko rokar da ake sa wa ƙaramin injin wuta na so saya, irin wadda yaran Amurka ke harbawa tun ƙarshen shekarun 1950. Na fasa. Injinta na ɗauke da sinadari dangin albarushi, kuma a halin tsaron da muke ciki ba zan shigo da irin wannan cikin makaranta ba. Ko ta ruwan ma sai da na je na yi wa shugaban makaranta da mai unguwa bayani, domin a nan da zarar an ce roka, makami ne ke faɗo wa mutum a rai. Duk malamin da zai gwada, ya fara da wannan.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa: gindi mai ƙafa uku, maƙulli mai riƙe wuyan gora, igiyar da ake ja daga nesa, dogon tiyo mai bawul irin na tayar mota, da agogon auna iska. Gora da famfon keke kai za ka nemo. Kuma gorar lemo mai gas ake so, ba ta ruwan sha ba, don ita aka ƙera ta jure matsi. Ana zuba ruwa, a kifa gorar a kan gindin, a yi ta ba ta iska, a ja igiya. Iskar da aka matse ta tunkuɗo ruwan ƙasa, ruwan kuma ya tunkuɗa gorar sama. Dokar Newton ta uku ke nan, wadda ya wallafa a 1687, ga ta a fili tana jiƙa wa yara takalma.

Ranar farko ihu kawai aka sha, ba a koyi komai ba, kuma nan ne babbar kasawar kayan. Takardar da ta zo da su ta nuna yadda ake harhaɗawa da yadda ake harbawa, shi ke nan. Babu ko layi ɗaya a kan awo. Wanda ya bi takardar kaɗai, wasa ya saya.

A sati na biyu gardama ta ɓarke tsakanin rukuni biyu, kowa na cewa tasa ta fi nisa a sama. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ce, "Malam, to ta yaya za a sani tunda ba mai iya hawa ya auna?" Tambayar da na yi shekaru ina jira ke nan. Muka ɗauko ma'aunin kusurwa daga akwatin kayan lissafi, muka ɗaura zare a tsakiyarsa, muka rataya noti a ƙarshen zaren, muka manna bututun biro a gefensa don leƙawa. Mai awo ya tsaya mita 20 daga wurin harbi, ya bi rokar da ido har ta ƙure, abokinsa ya danne zaren ya karanta. Wani harbi ya ba mu digiri 60. Tanjent ɗinsa 1.73 ne, a ninka da 20 ya zama mita 34.6, a ƙara tsayin mai awo daga ƙasa zuwa idonsa, ya kai kusan 36. Su da kansu suka lura cewa idan kusurwar ta zama digiri 45, tsawon da rokar ta kai daga daidai idon mai awo zuwa sama daidai yake da nisansa daga wurin harbi. Ban taɓa ganin ana rububin teburin tanjent ba sai ranar.

Da na gaya musu cewa rokar farko mai aiki da mai na ruwa-ruwa, wadda Robert Goddard ya harba ranar 16 ga Maris 1926 a jihar Masacusets ta Amurka, mita 12 da rabi kacal ta tashi cikin daƙiƙa biyu da rabi, sai ajin ya yi tsit. Gorarsu ta ninka ta kusan sau uku.

Daga nan aikin ya ja kansa. Mun gwada gora ba ruwa, da rubu'i, da sulusi, da rabi, da cikakkiya, duk a kan matsi ɗaya, muka zana sakamakon a takardar giraf. Layin ya hau ya sauko, ƙololuwarsa wajen sulusi. Nan ne kaso da giraf suka samu ma'ana, har da dalilin da ya sa ake sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji. Rokar da ke wuntsila gudidi a sama kuma ta koya mana cewa dole nauyi ya rinjaya gaba, fuka-fukai su koma baya. Dunƙulen yumɓu a hanci da fuka-fukan kwali uku suka gyara ta.

Gindin da maƙullin suna da ƙwari, har yanzu ba su nuna gajiya ba. Zoben robar da ke hana iska fita ne ya bushe ya tsage da hunturu ya kama, kuma guda ɗaya tak aka sako. Mai facin bakin titinmu ne ya yanko min wani daga tsohon tiyub. Igiyar ma ta yi gajarta, na ƙara mata. Ba na bari iska ta wuce lamba 50 a agogon, ba mai tsayawa a kan gorar da aka ba iska, kuma sai a tsakiyar filin ƙwallo, nesa da wayar lantarki. Ga kuma iskar hunturu da ke karkatar da rokar ta ɓata lissafi, shi ya sa muka koma harbi da sassafe da masu awo biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, mu ɗauki tsaka-tsakin abin da suka samu.

Na'ura ɗaya ta yi kaɗan ga aji mai yara sama da sittin, wasu sai su wuni ba su taɓa igiyar ba. Ina ba malamin da zai ware lokacin awo da rubutu shawarar ya saya, ya kuma nemi zoben roba na ajiya tun ranar farko. Ni dai na kai wa wani makaniki tamu ya duba, muna shirin haɗa ta biyu da bututun famfo da bawul ɗin tsohuwar taya kafin a dawo hutu.