Daga Kumasi: mai shago ya hana uba sayen tabilet

'Yan uwa na gida, ga abin da ya faru a Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, wajen da ake kira PZ inda masu waya da kwamfuta suka taru. Wani dattijo daga unguwar Aboabo ya shiga shago da 'yarsa da ta samu gurbi a KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, jami'ar da kowa a nan yake ce wa Tech. Tabilet ya zo saya, kuɗinsa a hannu. Mai shagon bai karɓa ba, sai ya tambayi yarinyar me za ta karanta. Ta ce injiniyanci. Ya mayar da tabilet ɗin cikin gilashi, ya ce, "Baba, wannan ba zai kai ta aji biyu ba."

Ya ɗauko laftof na hannu, ya kunna a gabansu, ya buɗe Command Prompt, tagar rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton da ya fito yana nuna lamba biyu, ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. Ya sa yarinyar ta danna kowane maɓalli, ta gwada kowace kafar USB, kyamara, lasifika da wayfay. Ya shiga BIOS, saitin tushe na kwamfutar, don su ga babu kalmar sirri a kai, domin da yawa cikin irin waɗannan na'urori daga ofisoshin Turai da Amurka suke fitowa, wasu da kullensu. Sannan ya rubuta rasit da lambar jikin na'urar da ranar da garanti zai ƙare.

Wallahi abin ya taɓa zuciya, domin mu a gida mun saba da "lafiya ƙalau yake, Alhaji, ɗauki kawai". Mai saye ma da nasa laifin. Yana jin kunyar neman rasit wai kada a ce bai yarda da mutum ba, sai bayan sati biyu a dawo ana rantse-rantse. Uba kuma ya sayi abin da ya fi sheƙi don a gani a hannun ɗansa, bai tambayi sashen da yaron zai shiga wace manhaja suke koyarwa ba.

Gaskiyar mai shagon kuwa a fili take. Cikakken AutoCAD, MATLAB da SPSS, manhajojin zane, lissafi da nazarin alƙaluma, na kwamfuta ne, abin da ake samu a tabilet ko dai guntu ne ko sai da intanet. Ko ɗan tarihi ko shari'a, ranar rubuta kundin kammala karatu zai gane cewa Word na tabilet ragagge ne: raba lambobin shafi tsakanin na Romawa da na lissafi wahala, kuma Zotero, manhajar tsara madogara, ba ya shiga cikinsa ya jera madogara kamar yadda yake yi a kwamfuta. Tabilet yana da wurinsa, batirinsa yana daɗewa, ba nauyi a tirotiro, wato motar haya ta nan, kuma ɗalibin likitanci mai karanta manyan littattafai yana zane da alƙalami zai ji daɗinsa. Amma na biyu ne, bayan an mallaki laftof. A 2024 gwamnatin Ghana ta fara raba wa 'yan babbar sakandare tabilet, shi ya sa yara ke zuwa jami'a da zaton ya isa. Ita KNUST da ta tashi tallafa wa ɗalibanta marasa ƙarfi, laftof ta raba.

Wanda zai saya ya nemi RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8 GB ko sama, da SSD (ma'ajiyar bayanai marar juyawa) 256 GB, ya guji tsohon faifai mai juyawa, faɗuwa ɗaya kan iya kashe shi. Firosesan Intel ya zama tsara ta 8 zuwa sama, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar yawancin na ƙasa da haka. Idan iPad na hannu ne, a cire iCloud, wato asusun Apple na mai shi, a gabanka kafin ka biya, in ba haka ba ka sayi faranti.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne a nan. Cajar jabu ta cika gari kamar a gida, tana zafi, tana lalata batiri. Ana ɗauke wuta, har suna suka ba abin, dumso. Rajistar layi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ake yi, baƙo mai zama sai ya yanki katin baƙi da ake kimanta kuɗinsa da dala, don haka mai tabilet mai layi ya shirya. Ga laimar damina da ke sa tsatsa a kafar caji, abin da busasshiyar iskar Kano ba ta yi, ko da yake tamu ƙurar hunturu tana toshe fanka. Kuma in allon cikin na'ura ya ƙone, mutum yakan yi kewar yaran Titin Beirut na Kano, masu zama da ƙarfen narka dalma su gyara ƙwaya ɗaya kana shan fura kuna hira da Hausarka.

Filogi dai iri ɗaya ne da namu, mai ƙafa uku, don haka ɗalibin da zai taho da laftof daga gida ba ya bukatar sauya caja. Ya dai haɗa da jaka mai hana ruwa da filashi na ajiye kwafin aikinsa.