Matatar soso ta akwatin kifin ado: arha da aiki, amma ba kyan gani

Duk wanda ya shiga shagon kayan kifin ado zai ga matatun ruwa iri-iri, wasu na rataya a bayan akwatin gilashi, wasu kuma manyan gwangwanaye ne da ake ajiyewa a ƙasa, kuma da wuya mai shago ya fara nuna masa matatar soso saboda ita ce mafi arha. A ganina, ga mai akwatin da bai wuce lita 100 ba, ita ya kamata a fara saya.

Ƙirarta ba ta da wani sarƙaƙiya. Dunƙulen soso ne a kan gindi mai nauyi, da bututu a tsakiya, sai siririn tiyo da ke haɗa ta da famfon iska a wajen akwatin. Kumfar iska tana hawa ta cikin bututun, tana jan ruwa ta cikin soson. Babban aikinta yana wajen da ido ba ya gani. Kashin da kifi ke yi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke zama a ramukan soson su ne ke mayar da ita naitirait, daga nan zuwa naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba, ana kuma rage shi ta hanyar canza kamar kwata na ruwan kowane mako. Ƙwayoyin nan kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, shi ya sa wanda ya cika sabon akwati da kifi a rana ɗaya yakan wayi gari yana kwashe gawa. Gara a fara da kifi kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Wankinta ma yana da ƙa'ida: ana matse soson ne a cikin bokitin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, domin sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin da aka yi makonni ana jira.

Inda ta fi burge ni shi ne lokacin zafi da ɗauke wuta. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, don haka a watan Afrilu kifi kan taso sama suna haki. Matatar soso tana motsa saman ruwa dare da rana, abin da ke sa oksijin shiga ruwan, famfonta kuma ba ya cin wuta sosai, har akwai ƙanana masu aiki da batir ko fawa banki. Sai dai lallai a sa ɗan makarin da ke hana ruwa komawa baya a jikin tiyon, ko a ɗora famfon sama da matakin ruwa, in ba haka ba ruwa na iya bin tiyon ya malale ɗaki idan wuta ta tafi.

Ta dace da kifaye irin su gofi, moli da filati, waɗanda ke haifar 'ya'ya a raye, domin ba ta zuƙe ƙananan, haka nan kifin beta, ɗan asalin Tailan, da ba ya son ruwa mai ƙarfin gudu. Kifin zinare kuwa kashinsa ya yi mata yawa sai an haɗa ta da wata.

Aibinta a fili yake. Baƙin dunƙule ne a tsakiyar abin da aka saya don ado, ko da yake ana iya ɓoye shi bayan tsirrai ko dutse. Ba ta share ƙananan ɓurɓushi har ruwa ya yi garau kamar yadda manyan matatu ke yi, kuma gurnanin famfon yana damun mai barci kusa da shi, sai dai a shimfiɗa masa tsumma a ƙasa ya rage ƙarar.