Fayil ɗin hosts ko DNS a kan rauta, wanne ya fi dacewa da ƙaramin ofis?

Ɗan uwa da ka ce kuna da kwamfutoci wajen goma da firinta da sabar ajiye takardu, kun gaji da haddace lambar IP, wato adireshin na'ura a netwok, irin 192.168.1.20, kuna so a rubuta suna kawai ya buɗe, toh hanya biyu zan kwatanta maka.

Fayil ɗin hosts, wato fayil ɗin da kwamfuta ke dubawa don haɗa suna da lambar IP, shi ne mafi sauƙi, a Windows yana cikin C:\Windows\System32\drivers\etc, a Linux kuma /etc/hosts. Ka buɗe shi da izinin admin, ka rubuta lambar IP, ka bar fili, ka rubuta sunan, shikenan. Ba ka sayi komai ba. Amma fa kowace kwamfuta sai ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ranar da lambar firinta ta canja kuma sai ka sake zagaye ofis gaba ɗaya, sannan wayoyi ba sa ciki, Android sai an yi mata root, wato a buɗe mata cikakken izinin admin, iPhone kuwa ka manta kawai. In kwamfutoci biyu ko uku ne ba laifi.

DNS na cikin gida kuwa, wato tsarin da ke fassara suna zuwa lambar IP, wuri ɗaya za ka rubuta sunayen kowa ya gani har mai waya. In rautarku MikroTik ce shiga IP sai DNS sai Static, kar ka manta ka kunna Allow Remote Requests amma ka toshe port 53, wato ƙofar da DNS ke amfani da ita, ta ɓangaren intanet. In rautar manhajar OpenWrt take amfani da ita, dama dnsmasq, manhajar da ke aikin DNS, na ciki. In kuma irin rautar kamfanin sadarwa ce da ba ta da wannan, ka sa manhajar DNS ta Pi-hole a kan ƙaramar kwamfuta ta Raspberry Pi.

Ni dai a ofis mai mutum goma rauta zan zaɓa, dalilina wuta. Duk na'urar da ke riƙe da DNS in ta mutu kowa zai ce intanet ta ɗauke alhali data na nan lafiya lau, rauta kuwa dama in ta mutu komai ya tsaya, kaga ba ka ƙara wa kanka wani abin kulawa ba. In Pi ɗin ne dole ya hau inbata ɗaya da rautar.

Don Allah kar ka sa 8.8.8.8, wato DNS na Google, a matsayin DNS na biyu a DHCP, tsarin da rauta ke raba wa na'urori lambobin IP, Google bai san firintarku ba, sai sunan ya yi aiki da safe ya ƙi da rana ka rasa dalili. Haka Private DNS na Android da Secure DNS na Chrome suna iya tsallake naka. Kuma a ƙarshen suna ka guji .local domin na mDNS ne, tsarin da na'urori ke gano sunayen juna da kansu, yi amfani da .internal wanda ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta ware a 2024, misali firinta.ofis.internal.

Ko wacce ka ɗauka, ka fara ɗaure wa firinta da sabar lambar IP da ba ta canjawa a DHCP tukuna.