Anchorman na farko ko na biyu: wanne ya dace da kai?

Mutane sun yi ta tambayata wanne za su kalla tsakanin finafinan barkwancin Amurka, Anchorman na 2004 da na 2013. Duka biyun Adam McKay ne ya ba da umarni, Will Ferrell kuma ya fito a matsayin Ron Burgundy, mai karanta labarai mai ji da kansa.

Labarin na farko a San Diego yake, shekarun 1970. Veronica Corningstone ta shigo ɗakin labarai da maza suka mamaye, Ron ya ƙi yarda mace ta zauna kusa da shi gaban kyamara. Minti 94 ne kacal, ba ya gundura. Wurin da ma'aikatan tashoshi masu gasa suka yi arangama da makamai a lungu shi masoyansa suka fi ambata. Masu suka cewa suke shirme ne zalla, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai shirmen da gangan aka yi shi.

Na biyu ya koma New York, farkon zamanin tashoshin labarai na awa 24. Ya fi cizo, yana tsokanar yadda ake mayar da labarai wasan nishaɗi don jan masu kallo. Amma ya kusa awa biyu, kuma wurin da Ron ya makance yana renon kifin shak ya ja da yawa.

Duka akwai kalaman batsa, kada a kalla da yara.

Mai neman dariya cikin ɗan lokaci, na farko ya ishe shi. Ɗan jarida ko mai bibiyar harkar talabijin zai fi ƙaruwa da na biyu, in ya riga ya san Ron.